Ribosome da Hausa, kafin gobe da safe

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum malamai. Gobe ƙarfe 9 zan naɗi hira da wata ɗalibar digiri na uku. Da kwamfuta take lissafin yadda ribosome, ɗan injin nan da ke haɗa furotin a cikin ƙwayar halitta, ke ƙara ko rage furotin da bakteriya ke haɗawa. Me zan kira abin nan? Furodusa ya sa ni gaba tun azahar.

Malamar bayoloji: Masaƙa. Saƙo ya zo, ta saƙa furotin. Haka nake gaya wa 'yan SS1.

Mai kemis a Sabon Gari: Malama, masaƙa ai yadi take fitarwa. Wannan carbi yake shiryawa: ya karanta harafi uku a saƙon, ya zura amino asid ɗaya, a bakteriyar E. coli har kusan 20 a daƙiƙa. Naɗewar furotin ɗin sai daga baya.

Tsohon tafinta: To majeri kenan, daga jera, kamar mabuɗi daga buɗe. Na daɗe ina faɗa ba a ji. Kuma furotin ɗin nan a cire, muna da sinadarin gina jiki.

Malamar bayoloji: Baba, majeri ya yi daɗi, amma aikin ya wuce jerawa. Idan amino asid ɗin da ake kira tiriftofan ya yi ƙaranci a E. coli, abin yakan cije daidai inda ake buƙatar tiriftofan a saƙon, kuma wannan cijewar ce ke sa a ci gaba da kwafo umarnin haɗa tiriftofan ɗin. Irin wannan aikin ne yarinyar ke lissafawa.

Mai kemis a Sabon Gari: Ni dai raibozom. Su ma Turawan a 1958 suka ƙirƙiro kalmar, Larabawa suka ara ba su ji kunya ba.

Tsohon tafinta: Kai da ke sayar da tetirasaikilin, maganin da ke toshe abin nan, ko sunansa da harshen uwarka ba ka da shi. Yaran yanzu kun mai da aro ado.

Mai kemis a Sabon Gari: Allah ya huci zuciyar Baba. Tafinta ma ai daga Turanci ta zo.

Tsohon tafinta: Ta zauna kafin a haife ka.

Mai shirin rediyo: Dare ya yi, malamai. Zan ce raibozom, in bi shi da "majerin furotin" sau ɗaya a farko.

Tsohon tafinta: Majerin ya kamata ya zo gaba. Zan kunna rediyon dai.