Masu karatun adabin Sifaniyanci, yaya kuka yi da sharhin adon harshe?

Ɗalibar Legon:
Assalamu alaikum. Zangon nan muna yin waƙoƙin Sifaniya na ƙarni na 16 da na 17, kuma aikin da za mu miƙa shi ne sharhin waƙar Góngora ta 1582 mai farawa da "Mientras por competir con tu cabello". Na tsamo duk abin da idona ya gani: metáfora (siffantawa), anáfora (maimaita kalma a farkon baitoci), hipérbaton (birkita jerin kalmomin jimla), asíndeton (jero kalmomi ba tare da "da" ba). Shafi ya cika, amma da na sake karantawa sai na ga tamkar takardar cefane na rubuta. Yayye da kuka riga mu bi ta nan, ku ba mu labari.

Ɗan Garwa:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Mu ma an ba mu ita a Yawunde. Abin da malaminmu yake rubutawa da jan biro a gefen kusan kowace takarda kalma biyu ce: "¿Para qué?", wato don me. Ka ce akwai anáfora, ya ce to, sai aka yi yaya?

Ki fara daga baitin ƙarshe: "en tierra, en humo, en polvo, en sombra, en nada". Ƙasa, hayaƙi, ƙura, inuwa, babu. Duk tsawon waƙar yana yabon gashin yarinyar da goshinta da leɓɓanta da wuyanta, yana cewa sun fi zinare da furanni da lu'ulu'u kyau. Kalmar "mientras", wato "yayin da", da yake ta maimaitawa tana riƙe da mai karatu, jimlar ta ƙi ƙarewa, kamar lokaci ya tsaya. A ƙarshe sai ya saki komai lokaci ɗaya, babu ko "y" (wato "da") ɗaya tsakanin kalmomi biyar ɗin, kuma daga ƙasar da ake iya damƙa a hannu aka gangaro har inda babu abin taɓawa. Idan kin rubuta wannan, kin yi sharhi. Sunayen gradación (wannan gangarowa daki-daki) da asíndeton sai su shigo a tsakiyar jimla, ba a kanun jeri ba.

Almajirin Balaga:
Ni ta ƙofar Larabci na shigo. Na yi balaga a zaure kafin na je Madrid, kuma wallahi ta rage mini rabin wahala. Tashbihi da isti'ara da kinaya da ɗibaƙi duk na tarar da 'yan'uwansu a can. Ranar da aka kawo baitin Quevedo, "Es hielo abrasador, es fuego helado", ƙanƙara mai ƙuna da wuta mai sanyi, Turawan ajinmu suna ta duba littafi, ni kuwa na san gidan. Wanda ya yi nazarin waƙar Hausa ma yana da jari: kamantawa, siffantawa, mutuntarwa, kambamawa.

Uwar Biyu:
Malam, na yarda, amma kada a ruɗi yarinya. Balaga ba za ta gaya mata waye "el mentido robador de Europa" ba. Haka Góngora ya buɗe doguwar waƙarsa Soledades, wai duk don ya ce bazara ta shigo: Jupita, babban gunkin Rumawa, ne ya rikiɗa ya zama bijimi ya sace wata budurwa mai suna Europa, bijimin nan shi ne burujin Saur, rana kuma tana shigarsa a watan Afrilu. Wanda bai san tatsuniyoyin Girka da Rum ba zai iya kiran sunan abin, perífrasis, wato zagaye-zagayen magana, ya ci rabin maki, amma bai san me aka ce ba. Ni da yara biyu a gida nake karatun ta intanet, sai sun yi barci nake buɗe ƙaramin ƙamus na sunayen gumakan nan. Shi ya fi yi mini amfani a kan jerin sunayen adon harshe.

Almajirin Balaga:
Gaskiyarki Hajiya. Wannan kam babu shi a zaure.

Malami daga Maraɗi:
Ina koyar da Sifaniyanci a sakandare, na kuma sha gyaran irin wannan takarda. Inda ɗalibai suka fi faɗuwa ba adon harshe ba ne, ƙidayar gaɓa ce. Ɗauki baitin Garcilaso, "En tanto que de rosa y azucena". Yaro zai ƙirga ya sami 12, ya ce mawaƙin ya karya ma'auni. Alhali "y" da "a" ta farkon "azucena" haɗuwa suke yi su zama gaɓa ɗaya, sinalefa ke nan, baitin ya dawo 11 daidai. Sannan in baiti ya ƙare da kalmar da nauyinta ke gaɓar ƙarshe, a ƙara ɗaya. Karanta da babbar murya kawai ke gyara wannan.

Tunda na ambaci Garcilaso, ɗiyata, ki ajiye waƙarsa ta 23 kusa da ta Góngora. Jigonsu ɗaya: ki more ƙuruciya kafin ta wuce. Garcilaso, wanda ya rasu a 1536, ya tsaya a tsufa, furfura ta rufe kai kamar dusar ƙanƙara, fure ya yi yaushi. Góngora bai tsaya nan ba, sai da ya kai ta kabari. Sakin layi ɗaya a kan wannan bambancin ya fi shafi uku na ta'arifi.

Ɗan Garwa:
Kan hipérbaton kuma, dabarar da ta fisshe ni ita ce in mayar da baitin jimla ta yau da kullum a takardar gefe, sannan in duba me ya ɓace. Ba abin kunya ba ne. Dámaso Alonso, masanin adabin Sifaniya, da kansa ya mayar da Soledades zube a 1927, shekarar da matasan mawaƙa suka taru a Sevilla don cikar Góngora shekara 300 da rasuwa. In 'yan ƙasa sun buƙaci a warware musu, ina ga mu?

Mai Ɗinki a Granada:
Ni ban gama digirin ba, ɗinki ya ɗauke ni, amma bari in sa baki. Waƙar mawaƙi Lorca aka ba mu, makokin da ya yi wa abokinsa Ignacio Sánchez Mejías, ɗan wasan bijimin da ƙaho ya soke a watan Agustan 1934. A kashin farko "a las cinco de la tarde", wato da ƙarfe biyar na yamma, tana dawowa kusan bayan kowane baiti. Wata 'yar ajinmu ta ce ƙararrawar coci take ji, wani ya ce agogo ne ya tsaya cak. Ni na ce amshi nake ji, irin na waƙar da jagora ke bayarwa 'yan amshi na karɓa. Malamar ta karɓi dukkan ukun, da sharaɗin kowa ya nuna a cikin baitocin inda ya samo nasa. Wanda ta ƙi karɓa shi ne na yaron da ya ce maimaicin "don jaddadawa ne" ya yi shiru.

Uwar Biyu:
"Don jaddadawa" da "don ƙawata waƙa". Waɗannan biyun sun ci makin mutane da yawa.

Ɗalibar Legon:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Tambaya ɗaya ga Malam na Maraɗi: a baiti na 9 zuwa na 11 ya sake tattaro wuya da gashi da leɓe da goshi, amma ba a jerin da ya kawo su da farko ba, sannan zinare da furannin. Wannan a ƙarƙashin tsarin waƙa zan sa shi, ko a adon harshe?

Malami daga Maraɗi:
Sunansa diseminación y recolección, watsawa da tattarawa. Sa shi a tsari, domin shi ke ɗaure baitoci takwas na farko da shida na ƙarshe. Ki ajiye jerin farko da na tattarawar gefe da gefe ki ga wanne ya canza wuri, sai ki turo mu gani kafin ki miƙa.