Ribar ɗinkin ɗalibaina: a raba musu ko a taimaki marayu?

Malamar Ɗinki:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Zariya. Tun 2011 aka sa darussan sana'a a manhaja, amma yawanci hadda yara ke yi don jarrabawa, su gama ba su san kuɗin yadi ɗaya ba. Bana sai na sa 'yan ajina suka kwaso ledojin fiya wata da suka toshe kwatar bayan makaranta, muka wanke, muka shanya, muka ɗinka jakunkunan littattafai muna sayar wa 'yan firamare da rahusa. Kwata ta samu hanya, jaka kuma ta karɓu. Yanzu iyaye sun ce a raba wa 'ya'yansu ribar, ni kuwa burina a saya wa marayun ajin littattafai. Ina mafita?

Tsohon Hedimasta:
Wa'alaikumus salam. Malama, Allah ya saka da alheri. Ai wannan gayya ce, kuma ko a ƙauye mai gona yakan kawo fura da goro, ba a sallamar 'yan gayya da yunwa. Ki ba yaran kasonsu. Wadda ta ga gumin hannunta ya zama kuɗi, da kanta za ta ware na marayu.

Maman Ummi:
Malama, ki yi wa iyaye uzuri. Da yawa 'ya'yan nan talla suke yi bayan an tashi, da shi ake cefane. Ranar da yarinya ta tsaya ɗinki, tukunyar gidan ce ke jira. Sannan don Allah a nema musu safar hannu kafin su sake taɓa kwata.

Ɗan Kantin Kwari:
Ki kasa ribar uku: jari, kason masu aiki, asusun marayu. Ki ba ɗaliban littafin shige da ficen kuɗi su riƙe da kansu, muƙamin ma'aji ya riƙa zagayawa a tsakaninsu kamar kwasar adashi. Bankin Grameen da Muhammad Yunus ya kafa a Bangladesh a 1983 bashi yake ba mata matalauta ba jingina, amma ana biya. In jari ya narke, taimakon ma ya tsaya. Kuma kada a kira sunan marayun a gaban aji, a ba su a asirce.

Malamar Ɗinki:
Na gode ƙwarai. Zan kai maganar kaso ukun taron iyaye da malamai, safar hannu kuma daga cikin jari za mu fara saye.