Yadda ake zaɓen waƙoƙin rawar bikin dawowar tsofaffin ɗalibai a Amurka

A makarantun sakandare na Amurka ana wannan biki a watan Satumba ko Oktoba, kuma rawar takan ɗauki awa uku. Masu sa kiɗa a irin wannan taro sun ce a tanadi waƙoƙi 60 zuwa 70, duk da 50 ne kawai za su shiga, don a sami na canji idan filin rawa ya yi sanyi.

Mako biyu kafin ranar, a bar ɗalibai su rubuto waƙoƙin da suke so. Sai malami ya saurari kowace ɗaya har ƙarshe. A nan ake yawan tuntuɓe: waƙar da aka "tsaftace" ta rediyo tana iya rufe zagi, amma batsar ma'anarta tana nan, kuma yara kan rera kalmar da aka cire da ƙarfi.

Kada a fara da waƙoƙin da suka fi tashe, domin rabin awa na farko mutane suna shigowa ne. Waƙar sanyi ɗaya bayan kowane minti 30 ta isa. Biyu a jere kan watse fili. A sauke komai a kwamfuta tun da wuri, intanet ɗin ɗakin wasannin makaranta, inda akan yi rawar, ba abin dogaro ba ne.