Na zare makulli injin bai mutu ba, wa ya taɓa gamuwa da haka bayan ƙara wa mota kaya?

Mai Hilux, Talaje:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Tsohuwar Hilux gare ni, ta gazuwal, mai injin 5L. Sati uku ke nan na sa aka ɗaura mata doguwar fitilar nan ta LED a saman gilashin gaba, don ina yawan bin hanyar Tawa da dare, kuma tsakanin Tsarnawa da Badagishiri jakai ba sa neman izinin kowa kafin su tsallaka. Tun daga ranar, sau huɗu ke nan ina isowa gida in murɗa makulli, in zare shi in sa aljihu, amma injin na ta ruri abinsa. Sai na sa giya na taka birki na kashe ta da ƙarfi. Da rana kuwa lafiya lau, ko sau ɗaya ba ta taɓa yi ba. Na koma wajen yaron da ya ɗaura fitilar, ya ce kontak ne ya ci, wato inda ake murɗa makulli, in kawo jikka 20 a canja. Yara a gida har sun fara cewa motar baba ta yi aljanun dare. Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka.

Tsohon mai wuta, Katako:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sayi komai tukuna. Tambaya ɗaya: lokacin da kake zare makullin, fitilar nan a kunne take ko a kashe? Yau da magariba ka gwada ta hanya biyu. Zan dawo in na rufe garaji.

Ɗan taksi mai jan kai:
Ni tawa Starlet ce, kuma rediyo ne ya wahalar da ni. Na sa aka cire na asali aka sa mai cin katin waƙoƙi. Kwana biyu bayan nan, da asuba na murɗa makulli, ƙas, shiru. Maƙwabta suka tura ni. Kashegari haka. Na ce bateri ya tsufa, na ci bashi na sayi sabo. Shi ma in motar ta kwana biyu ba aiki, sai turi. Ashe mai ɗaurawar ya murɗe jar waya da rawaya wuri guda ya jona su a wutar da ba ta ɗaukewa. Rawayar ita ce ta bateri kai tsaye, don rediyo ya riƙe agogo da tashoshi. Jar kuwa ta ACC ce, ita ke gaya wa rediyo an zare makulli ya kwanta. Da aka haɗe su, rediyon bai taɓa barci ba, allonsa kawai ke duhu. An raba su cikin minti 10. Tsohon baterin da na yar, wallahi har yau in na tuna sai raina ya sosu, lafiyarsa ƙalau.

Hajiya, Kwara Kano:
Malam mai Hilux, ka gode Allah taka ƙin mutuwa take yi. Tawa mutuwa take yi a tsakiyar hanya. Bayan an sace motar wata ƙawata, maigida ya sa aka ɗaura wa Corolla tawa na'urar GPS mai kashe mota daga salula. Wata biyu ba komai. Da zafin Afrilu ya shigo, ina kan gadar Kennedy zan tsallaka Harobanda, mota ta yi tsit kamar an hure fitila, ga oda ta ko'ina, ga yara a baya. Na sake tayarwa ta tashi. Haka ta yi mini sau biyar cikin sati guda, musamman in na faɗa rami. An canja buji, an wanke famfon mai, an ce ma man da na sha ne mai ruwa. Daga ƙarshe wani dattijo ya kwanta ƙarƙashin sitiyari ya jawo wani dunƙulen baƙin tef ya nuna mini. Tef ɗin ya narke ya yi danƙo, da ya taɓa shi sai ya zame kamar ɓawon ayaba, ga wayar famfon mai da aka yanke an murɗa ta da hannu kawai, bakin ya yi baƙi. Ya ce duk girgiza sai ta rabu ta sake haɗuwa. Ya like ta da dalma ya sa mata robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi. Shekara guda ke nan ban sake tsayawa ba.

Direban Tawa:
Hajiya ta tuna mani da tawa. Mu Hiace munka ƙara ma oda mai iska da hitila biyu. Kullum fizibil, ɗan abin nan da ke tsare wayoyi in wuta ta yi yawa, shina ƙonewa. Yaron mota ya gaji da saye, ya naɗa mashi ƴar wayar jan ƙarhe, ni ban sani ba. Mun wuce Dogon Dutsi muna nuhin Ƙonni sai wari ya taso, hayaƙi na hitowa ta ƙarƙashin tablo, wato allon gaban direba, fasinja na salati. Allah ya sa sifana na kusa, na kwance kan bateri. Wayoyin kontak sun narke sun manne da juna kamar taliya. Kwana ukku motar ta yi ga garaji. Wanda duk fizibil nai ke ƙonewa bayan an ƙara kaya, ya bar ƙara mashi girma, ya biɗi dalili.

Tsohon mai wuta, Katako:
Na dawo. Alhaji, ga dalilin tambayata. Injin gazuwal irin naka ba ya buƙatar tartsatsi. Abin da ke kashe shi wani ɗan solenoyid ne a jikin famfon gazuwal, mu muna ce masa elektrovan. In ka buɗe kontak yana samun volt 12 ya buɗe hanyar mai, in ka rufe wuta ta ɗauke ya toshe, injin ya mutu. To in ka zare makulli injin bai mutu ba, wutar ba ta ɗauke ba ke nan, tana shigowa layin ta ƙofar baya. Tun da da dare kawai take yi, ni fitilar nake zargi. Kontak ɗin da ya ci ba ruwansa da rana ko dare.

Bari in ɗan faɗaɗa, don kullum wannan aikin ake kawo mini. A bayan makulli akwai layuka daban-daban. Akwai mai wuta kullum daga bateri, a takardun Turai lambarta 30. Akwai wadda ke samun wuta in makulli na ON, lamba 15, ita ke ciyar da bobin mai ba buji wuta ko elektrovan da tablo. Akwai ta demarer mai juya injin ya tashi, lamba 50, sai lokacin da kake murɗawa zuwa START take da wuta. Sannan ga ACC ta rediyo da wurin cajin waya, wadda a motoci da yawa take ɗaukewa daidai lokacin tayarwa. Yaran yanzu sai su soka fitilar gwaji, duk wayar da ta haska su fere ta su jona. Ba sa murɗa makullin mataki-mataki su ga yaushe take da wuta, yaushe ba ta da. Daga nan ɓarna ke farawa.

Yadda ya kamata a ɗaura fitila irin taka: waya mai kauri daga bateri, da fizibil nata kusa da kan baterin, ta shiga rele, wato ɗan makunnin da ƴar wuta kaɗan ke kunnawa, ta ƙafa 30 ta fita ta 87 zuwa fitila. Ƙafa 85 ta tafi mas, wato jikin ƙarfen mota da aka kankare fenti, ƙafa 86 ta zo daga maɓalli. Maɓallin ƴar wuta kaɗan yake ɗauka, nauyin duk yana kan rele. Rele ɗin nan bai kai kuɗin cin rana biyu ba, amma sai a ce wai an yi wa mai mota sauƙi.

Malamin lissafi, Lazare:
Baba, ina da ja kaɗan. Ni kontak ɗina da gaske ya ci. An jona mini amfilifaya kai tsaye a layin makulli, bayan wata huɗu makullin ya riƙa zafi har ba ya taɓuwa, daga baya sai na jijjiga shi kafin tablo ya kawo. Da aka buɗe, robar ciki ta narke. Lissafin a fili yake: fitila mai wat 120 a kan volt 12 amper 10 take ja, an ɗora wannan a kan abin da kontak ke ɗauke da shi tun asali. Ba mamaki yaron da ya ɗaura wa Alhaji fitila yana da ƴar gaskiya.

Tsohon mai wuta, Katako:
Malam, ban musa ba, na sha canja irinsu. Amma ka ga kai ma kontak ɗinka ba da kansa ya ci ba, jonin ne ya cinye shi. Da an sa sabo an bar jonin, da ka dawo bayan wata huɗu. Kuma alamar taka daban ce, kai wuta ce ke ƙin zuwa, shi Alhaji ƙin tafiya take yi.

Tun da mun zo nan, mai taksi, ga yadda za ka gane ɓarawon bateri ba sai ka ci bashi ba. Baterin da ya cika yana nuna volt 12.6 in injin na kashe, in yana aiki kuma kusan 14. Ka kashe komai, ka rufe ƙofofi, ka cire kan mas na bateri ka sa mita tsakani a ma'aunin amper. Motar da ke lafiya ba ta cika wuce miliamper 50 ba bayan ta huta. In ta wuce sosai, ka riƙa zare fizibil ɗaya-ɗaya har lambar ta faɗi. Kada dai ka kuskura ka tayar da injin mita na tsakani. Direban Tawa kuma, launin fizibil ba ado ba ne: ja amper 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Abin da ka cire shi za ka mayar.

Ƴar Filato:
Nawa gajere ne. An sa mini alam, da aka gama demarer na juyawa amma injin ya ƙi kamawa, ɗan jan hasken tsaro na ta ƙiftawa a tablo. Ashe garin cusa wayoyi sun zare filogin zoben da ke kewaye da ramin makulli, wanda ke karanta ƴar na'urar da ke cikin kan makullin. Har an fara yi mini maganar canja kwamfutar mota. Ƙanena ne ya leƙa ya ga filogi na reto.

Tsohon mai wuta, Katako:
Ƴata, kin tsira. Motocin zamani ba a soka musu fitilar gwaji barkatai. Duk filogi mai launin rawaya a kusa da sitiyari na jakar iska ne, a bar shi. Wayoyi biyu sirara da aka murɗe da juna tun daga kamfani kuma na saƙon kwamfuta ne, ba wurin ɗiban wuta ba.

Mai Hilux, Talaje:
Baba, Allah ya saka da alheri. Na gwada jiya bayan magariba. Fitila a kashe, na zare makulli, ta mutu nan take. Na sake tayarwa na kunna fitila, na zare, tana ta ruri. Ina danna maɓallin fitilar sai tsit. Ni da na saba barin fitilar a kunne don in ga ƙofar gida, shi ya sa ban taɓa lura ba. Yau da safe na kai ta wani garaji aka ciro maɓallin. Babu rele sam. Yaron ya kawo wutar bateri a ƙafa ɗaya, ya ɗebo wata waya daga layin kontak ya sa a wata ƙafar, wai don ɗan hasken maɓallin ya riƙa kamawa, ashe in an kunna, ƙafafun biyu haɗuwa suke a ciki. Wayar da ya ɗebo har ta fara ƙanƙancewa don zafi, kuma babu fizibil ko ɗaya tsakanin bateri da fitila. An cire ta, an sa rele da fizibil na amper 15, duka da kuɗin hannu jikka 4.

Ɗan taksi mai jan kai:
To Alhaji, sauran jikka 16 fa? Ka ga ni har yanzu ana bi na bashin bateri.

Mai Hilux, Talaje:
Ka same ni Katako ran Asabar, zan kai wa Baba goro, sai mu sha shayi. Ka zo da Starlet ɗin ma a auna ta.