Nauyin gungun Coma ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, a taimaka

Salam jama'a, don Allah masu ilimin falaki ku duba min wannan. Ina ƙoƙarin fitar da nauyin gungun galaksi na Coma ne, wato Abell 1656, da bayanan SDSS (wani babban binciken taswirar sararin samaniya) a yaren kwamfuta na Python. Na tsamo galaksin da redshif ɗinsu ke kusa da 0.023, na mai da shi gudu, na raba da 1+z yadda aka saba, sannan na sa a lissafin biriyal, wanda ke fitar da nauyin gungu daga gudun galaksinsa da faɗinsa.

To wahalar ita ce tantance ƴan gida da baƙi, wato galaksin da ke cikin gungun da waɗanda ba nasa ba. Kowa ya san bambancin gudu a Coma wajen kilomita 1000 ne a daƙiƙa, nauyin kuma wajen ninki 10^15 na nauyin rana, amma ni da na ɗan faɗaɗa da'irar da nake ɗibar galaksi a ciki sai sigma, wato bambancin gudun, ta haura, kuma tunda M200, wato nauyin da nake nema, yana bin sigma sau sigma sau sigma ne, ɗan motsi kaɗan sai nauyin ya yi tsalle. Na yi yankan sigma 3, wato zubar da duk galaksin da gudunsa ya kauce wa matsakaici da fiye da ninki uku na sigma, ina maimaitawa har ya daina zubar da komai, bai daidaita ba. Na ɗauki galaksin NGC 4874 a matsayin tsakiyar gungun, na koma NGC 4889, kusan duk ɗaya.

Wanda nake zargi shi ne rukunin NGC 4839 ɗin nan na kudu maso yamma, a hoton gudu da nisa ya dunƙule gefe guda abinsa. In na cire shi da hannu lambar ta yi kyau, amma gaskiya wannan son rai ne, ba zan iya kare shi gaban kowa ba.

Wace hanya kuke bi wajen ware irin wannan rukunin ba tare da sa hannu ba?