Wace kalma za mu ba "constant" a darasin fiziks?

Malamai, ina koyar da fiziks a Gusau, kuma kalmar da ta fi ba ni wahala ita ce wadda Turawa ke kira "constant", wato adadin da ke ɗaure abubuwa biyu mabambanta. Nisa daban, lokaci daban, amma gudun haske a sararin da babu iska ko wani abu, mita 299,792,458 a daƙiƙa ɗaya, ya haɗa su, har ma tun 1983 da shi ake fayyace tsawon mita. Na daɗe ina cewa "adadin canji", sai wata ɗaliba ta tambaye ni ko shi ma yana hawa da sauka kamar farashin dala a wurin 'yan canji. Tun ranar na daina.

Amsa daga Jega: Malam, ina ganin ka haɗa abu biyu a buhu ɗaya. Idan aka ce inci ɗaya santimita 2.54 ne, kamar yadda aka amince a 1959, tsawo ne aka mayar tsawo, ma'auni kawai aka sauya, kuma wannan ya dace a kira shi "musayar ma'auni". Amma mai sayen shinkafa da ya auna da kwano sannan ya ɗora a sikeli ya tashi daga yawa zuwa nauyi, kuma adadin da ke tsakaninsu yana bin irin hatsin, domin kwanon shanshera ba ya kai nauyin kwanon gyararriya. Gudun hasken da ka ambata kuwa ba ya bin komai. Ni "dauwamammen adadi" na zaɓa.

Amsa daga Birnin Kebbi: Allah ya gafarta malam, dauwama kalma ce mai nauyi a kunnen Bahaushe, an fi jin ta a wa'azi, kuma ba na son yaro ya ɗauka akida ake koya masa. "Tsayayyen adadi" ya fi sauƙi a baki, kuma ya dace da abin da aka yi a 2019, lokacin da aka tsayar da adadin Planck, wanda shi ma wani "constant" ne a fiziks, aka ɗora ma'aunin kilogiram a kansa.

Na gode, malamai. Daga ranar Litinin zan rubuta "tsayayyen adadi" da "musayar ma'auni" a allo, kowanne a gefensa, na kuma ari misalin shansherar.