Ciki wata shida da hawan jini, manaja ya hana ni kujera, ya zan yi?

Maman Biyu, Kurna:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun abin ne ya daɗe yana cina a rai. Ni kashiya ce a wani babban kanti a nan cikin Kano, irin wanda mutum zai ɗebi kaya a kwando ya zo wajenmu ya biya, shekarata biyu da wata huɗu a wurin. Takwas na safe muke shiga shida na yamma mu tashi, kuma a tsaye ake aikin in banda ɗan lokacin sallah da cin abinci. Yanzu ina da ciki wata shida, na uku kenan, biyun farko lafiya lau na haife su ko laulayin kirki ban yi ba, amma wannan ina shiga wata na biyar na je awo aka ce jinina ya hau, 150 bisa 95, aka ɗora ni a kan maganin hawan jini Aldomet aka ce duk sati biyu in dinga dawowa maimakon wata-wata, likita ya ce in rage doguwar tsayuwa kuma kar in ɗau kaya mai nauyi.

Na samu manajanmu na faɗa masa, ban ma roƙi hutu ba wallahi, kujera kawai na ce a sa min a bayan kanta, sai kuma ranar awo a bar ni in zo bayan azahar, dan duk wadda ta san layin awo a asibitin gwamnati ta san sai kin yi sammako kin karɓi lamba sannan ki fito wajen ƙarfe ɗaya. Ya ce in ya ba ni kujera sauran ma za su ce a ba su, kuma kwastoma ba sa son ganin kashiya a zaune, wai ai ciki ba ciwo ba ne. Ranar awo kuwa dubu biyu da ɗari biyar yake cire min ko da na zo na ƙarasa yinin, albashin duka dubu hamsin da biyar ne. Satin da ya wuce ban je awon ba saboda cirewar. Yanzu in na dawo gida ƙafata ko silifas ba ta shiga.

Shekaranjiya ya kira ni ofis ya ce in na ga ba zan iya ba in rubuta takardar ajiye aiki, in na haihu na yi arba'in in dawo a duba. Maigidana adaidaita sahu yake ja kuma ba nasa ba ne balas yake kaiwa, ya ce in bar musu aikinsu Allah zai rufa asiri, na san dan tausayina ya faɗa amma ni na san kuɗin makarantar yara daga albashin nan yake fita. Wai ina da wani haƙƙi ne a doka ko kuwa in rubuta takardar kawai?

Anti Nas, Gwale:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Maganar doka zan bar wa masu ita, ni layi ɗaya ne ya tayar min da hankali a rubutunki, inda kika ce kin fasa zuwa awo. Dan girman Allah kar ki sake. Gobe ki tafi ko ba ranarki ba ce, ki ce musu kina kan maganin hawan jini kuma kin tsallake sati.

Kinga jinin da ya kai 140 bisa 90 bayan ciki ya wuce sati 20 ba a wasa da shi, shi yasa suka mayar da ke duk sati biyu, ana duba jinin ana kuma duba fitsari ko furotin ya fara fita a ciki, in ya fara to hanyar jijjiga aka kama, wadda iyayenmu ke cewa taune-taune. Abin da yake ba ni tsoro da ciwon nan shi ne mace tana iya jin kanta garau tana aikinta alhali jinin yana can sama, na ga mata da yawa an kawo su ranga-ranga cikin dare kuma in ka tambaya sai a ce ai da yamma ma ita ta yi tuwo. Kumburin ƙafa shi kaɗai masu ciki da yawa suna yi, amma in kika ga fuska ko hannu sun kumbura, ko ciwon kai mai tsanani da ba ya jin farasitamol, ko gani ya dinga yi miki dishi-dishi ko walƙiya-walƙiya, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari ta dama, ko motsin yaro ya ragu, ki ajiye duk abin da ke hannunki ko kwastoma goma ne a layi ki nufi asibiti, Murtala ko Malam Aminu Kano ko Nasarawa duk wanda ya fi miki kusa. Tsakanin awo da awo ki dinga shiga kyamis ana gwada miki kina rubutawa a takarda da kwanan wata. Kar ki daina maganin dan kin ji sauƙi, kuma ki guji su ibuprofen da diclofenac da jiƙe-jiƙen da ba ki san me ke ciki ba.

Sai takarda. Kar ki karɓi irin guntuwar nan da ake rubuta "a ba ta hutu" kawai, ki roƙi likita ya rubuta a takardar asibiti mai hatimi, ya faɗi satin cikin, ya faɗi cewa kina buƙatar zama lokacin aiki, ba ɗaukar kaya, zuwa banɗaki da shan ruwa ba tare da an hana ki ba, da zuwa awo duk sati biyu. In suna da yawan mutane ki samu sistar da ke kula da ɗakin awo ta shige miki gaba, mukan yi.

Malam Ɗan Ƙungiya, Sharada:

Hajiya sannu, Allah ya raba lafiya. Na yi shekaru a harkar ƙungiyar ma'aikata a kamfanonin Sharada da Bompai, irin wannan maganar ta sha zuwa gabanmu. Abu na farko kar ki rubuta takardar nan. Duk ranar da kika rubuta da hannunki cewa kin ajiye aiki to ke kika tafi ba korarki aka yi ba, kuɗin hutun haihuwa ya faɗi, kuma "ki dawo a duba" ba alkawari ba ne da za ki iya riƙe kowa da shi. Shi ma ya san haka shi yasa yake so ta fito daga wajenki.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya sashe na 54 ta ba mace sati shida kafin haihuwa in ta kawo takardar likita, da sati shida bayan haihuwa wanda shi wannan ko tana so ba a yarda a sa ta aiki ba. In ta kai wata shida tana aiki a wurin dole a biya ta aƙalla rabin albashinta na wannan lokacin, ke kuwa kin haura shekara biyu. In ta dawo tana shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana. Sannan ba a yarda a ba ta takardar kora tana cikin hutun ba, haka in hutun ya zarce saboda rashin lafiyar da likita ya tabbatar daga cikin ko haihuwar ta samo asali. Sashe na 16 kuma ya ba ma'aikaci har kwana 12 a shekara na rashin lafiya da biya in akwai shaidar likita, ina ganin da shi za ki kare ranakun asibitinki tunda ke ba awo zalla kike zuwa ba, jinya ake miki.

Amma gaskiya ɗaya ce, dokar nan tsohuwa ce tun ta shekarun 1970, ba ta ce komai a kan kujera ko sauƙaƙa wa mai ciki aiki ba, kuma ta fito fili ta ce mai aiki ba dole ne ya biya kuɗin asibitin ciki da haihuwa ba. Ma'aikatan gwamnatin tarayya sun fi ku gata, hutunsu ya fi naku tsawo kuma da cikakken albashi, Legas da Kaduna ma wata shida suke ba matan da ke aikin jiha, ku na kamfani da kanti aka bari da sati 12 da rabin albashi. Inda ƙarfinki yake shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a nan Kano, tun gyaran tsarin mulki na 2010 aka ba ta hurumin sauraron ƙarar nuna wariya a wajen aiki, kuma ta taɓa ba wata mata gaskiya da aka sallama bayan ta sanar tana da ciki, ta sa aka biya ta diyya.

Ba cewa nake ki garzaya kotu ba. Ki rubuta wasiƙa cikin ladabi ki haɗa da takardar likitan, ki yi kwafi biyu su sa hannu a ɗaya ki riƙe, in sun ƙi ki tura ta WhatsApp dan ta zauna da kwanan wata. Ki adana alat ɗin albashinki na banki da duk wata shaidar cire kuɗin. In abin ya ƙi, akwai ofishin ma'aikatar ƙwadago a sakatariyar tarayya da ke titin Katsina, akwai lauyoyi mata na FIDA, akwai Legal Aid, hukumar da ke taimaka wa marasa ƙarfi da lauya. Tambaya ɗaya, sun ba ki takardar ɗaukar aiki kuwa? Doka cewa ta yi cikin wata uku a bayar.

Alhaji na Kwari:

Ni mai shago ne yara tara ke ƙarƙashina uku mata, bari in faɗi namu ɓangaren. Biyan mutum wata uku ba ya nan ga kuma wanda za ka ɗauko ya riƙe wurin, ga haya ga dizal ga haraji kala-kala, wallahi yana da nauyi a kan ƙaramin ɗan kasuwa, kuma gwamnati ko sisi ba ta tallafawa, shi yasa za ki ga wasu sun daina ɗaukar matan aure gaba ɗaya, ban ce daidai ba ne amma abin da ke faruwa kenan.

Toh amma kujera? Kujerar roba nawa take a Sabon Gari? Wannan ba maganar kuɗi ba ce rashin tausayi ne. 'Yata, manaja ba shi ne mai dukiya ba, ki bincika waye mai kantin, ki samu wani babba da yake jin nauyinsa, limamin masallacinsu ko abokin kasuwancinsa, maigidanki ya raka shi su je da takardar likita. Da yawanmu ba mu san abin da ake yi da sunanmu a bayan kanta ba.

Ummu Khalifa:

Ni dai nawa ganin ki bi maganar mijinki, lafiya ta fi kuɗi, wanda ya ba da cikin shi zai ba da abin riƙonsa.

Tsohuwar Malama, Hotoro:

Ummu Khalifa lafiya ta fi kuɗi gaskiya ne, amma ai maganin ma da kuɗi ake saye, in aka ce tiyata fa? Ni abin ya faru a kaina shi yasa nake rubutu hannuna na rawa. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, aji na a bene hawa na biyu, cikina wata huɗu na fara ganin jini likita ya ce kwanciya sati biyu, na kai takarda, mai makarantar ta ce jarabawa ta matso ba ta da wanda zai riƙe ajin, ko in zo ko in rubuta na bari. Tsoro ya sa na koma kwana biyar kacal, ina hawa ina sauka, ranar Alhamis a ofishin malamai abin ya ɓalle. Ban ce hawan benen ne ya jawo ba, likita ma ya ce wani ɓarin ko kana kwance sai ya zo, Allah ne ya ƙaddara, amma har yau in na tuna ban yi kwanciyar da aka ce in yi ba sai na yi kuka. Bayan nan kuma na rubuta takardar da hannuna dan ba na son ganin wurin, na fita ba ko kwabo, har albashin watan da na yi rabi.

Da na san abin da Malam ya rubuta a sama da takardar likitan kawai zan miƙa in yi kwanciyata, su yi duk abin da za su yi. Maman Biyu ki je awonki, ki zauna in jiri ya ɗebe ki ko a kan katan ne, kuma ki samu abokan aikinki mata ku yi magana da baki ɗaya, dan yau ke ce gobe wata ce a cikinsu.

Maman Biyu, Kurna:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Malama Allah ya mayar miki da mafi alheri ya sa mai ceto ne, na yi hawaye da na karanta. Anti na je yau da sassafe, 145 bisa 90, fitsari ba komai alhamdulillah, sistar ta yi min faɗa sosai sannan ta kai ni wajen likita ya rubuta takardar yadda kika ce har da hatimi. Malam ba su taɓa ba ni takardar ɗaukar aiki ba, sai dai katin shaida mai hotona da alat na kowane wata, ko waɗannan za su isa? Na karanta wa Baban yara amsoshin nan jiya da daddare, ya ce zai samu kawunsa da ke da sanayya da mai kantin su je ranar Asabar. Wasiƙar ce ban san yadda zan fara ta ba, da Hausa zan rubuta ko sai da Turanci?